Ƙoramar Madara a Dutsen Shiru

Can ƙasashen gabas, inda dusar ƙanƙara ke sauka kamar an ɓarke buhun auduga, akwai wani dutse wanda ko mikiya sai ta huta kafin ta kai ƙololuwarsa. Tsakar hunturu, lokacin da kowace bishiya ta kaɗe ganyenta, in iska ta gangaro daga samansa sai mutanen ƙasa su ji ƙamshin fure da na nunannun 'ya'yan itace. Kowa ya san akwai lambu a can sama, amma ba mai faɗa. Shi ya sa ake kiransa Dutsen Shiru.

Mai dutsen wani tsoho ne da ake ce wa Shehun Dutse. Ba shi da dawaki, bai taɓa tsayawa a fagen fama ba, amma saboda shi sarakuna ke kwana cikin sulke. Samari ne makaminsa. Yakan sa a shayar da saurayi wani abin sha ya yi barci, ya farka a cikin lambun nan, a ce masa Aljanna ce. Ya ci, ya sha, ya yini cikin ni'ima, sannan a sake shayar da shi, ya farka a kan dandaryar dutse, Shehu na tsaye a kansa da wuƙa.

"Ka ga gidanka da idonka," Shehu zai ce. "Je ka kashe wane, mutanensa su ma su kashe ka, ka koma."

Saurayi ya karɓi wuƙa yana murmushi. Da haka aka kashe waziri a majalisa, aka kashe liman a kan mumbari. Masu kisan ba sa gudu bayan sun gama, tsayawa suke su jira takobi, don gani suke ita ce ƙofar komawa.

A Birnin Marzana, tafiyar kwanaki daga gindin dutsen, akwai wani alƙali mai suna Sabitu. A da shi kaɗai ke buɗe baki ya kira wannan aiki da sunansa. Wata safiya ya farka ya ga wuƙa a kafe a gefen matashin kansa, alhali ƙofa na kulle. Daga ranar, duk wanda ya tambaye shi zancen dutsen, sai ya ce, "Allah ne masani."

'Ya'yansa biyu. Babbar, Nuwaira, ba littafin da ke ɗakin uban da ba ta karance ba. Ƙanenta Mundiru, saurayi mai zafin zuciya, tare suka yi karatu, kullum ita ke gaba. Shirun uban ya ci masa rai har ya daina haɗa ido da shi. Masu yi wa Shehu farautar samari suka same shi a kasuwa, suka ce masa wanda ya iya rufe bakin alƙali ai shi ke da gaskiya. Ba a jima ba Mundiru ya ɓace, wani fatake ya kawo labarin ya gan shi a hanyar dutse cikin masu fararen kaya.

Nuwaira ta sami uban a zaure. "Baba, yaushe suke ba su wuƙar?"

"An ce da tsayuwar sabon wata."

"To, wa za ka aika?"

Alƙali ya dubi ƙasa. "'Yata, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wanda ya hau dutsen nan ya riga ya mutu. Mu yi masa addu'a."

"Addu'ar mamaci za ka yi wa mai rai? Baba, kai ka koya mini cewa mai ganin zalunci ya yi shiru abokin azzalumi ne. Ko an sake karatun ne ban sani ba?"

Ya tashi ya shige cikin gida. Ta je wajen sarkin yaƙi, ya ce dokinsa na ɗingishi. Ta je wajen kawunnanta, kowa ya tuna yana da baƙi a gida. Gari guda na maza masu gemu da rawani, aka rasa mutum ɗaya da zai ɗaure ɗamara. Nuwaira ta ɗaure tata. Ta ɗauki bargo da ɗan guzuri, ta fita ta ƙofar gabas da rana tsaka kowa na kallo, don ta ce ita ba ɓarauniya ba ce da za ta sulale.

Ta yi ta tafiya har hanya ta zuba cikin wani kwari mai hazo, wanda fatake ke kewayewa. Tana shiga ta ga samari birjik, sanye da fararen riguna jina-jina, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Matattun 'yan wuƙa ne, waɗanda aka kashe bayan sun yi kisa. Suka kewaye ta, sanyinsu na ratsa ƙashi. Ɗaya daga cikinsu, mai sara a wuya, ya matso ya yi magana da ladabi.

"Amincin Allah ya tabbata gare ki, ya ke mai tafiya cikin jiki. Ki nuna mana ƙofar lambun. An yi mana alkawari muna rufe ido za mu buɗe a cikinsa, ga shi mun daɗe muna nema."

Duk matafiyin da tsautsayi ya kawo nan, nuna musu wani gefe yake ya ce can ne, ya samu ya tsere. Nuwaira ta dubi fuskokinsu, duk sa'annin ƙanenta, sai takaici ya cika ta.

"Ya ku matattu, ba zan ƙara muku ƙarya a kan wadda ta kashe ku ba. Babu ƙofa. Lambun da kuka gani yana kan dutse, a duniya, kuma mutum ne ya yaudare ku."

Kwarin ya ɗauki kururuwa. Iska ta ɗaga ta ta maka da ƙasa, ta tashi, ta sake maka ta. Tsakuwa ta farfasa mata fuska, bargonta ya tafi. Suka yi ta ce mata ta janye maganarta, tana tofar da jini tana cewa ba ta janyewa. Da suka gaji, iska ta kwanta. Mai sara a wuya ya tsuguna a gabanta yana kuka ba hawaye.

"Ke ce ta farko da ta girmama mu da gaskiya. Ƙofar gaban dutsen ta waɗanda ake shigarwa a barci ce, ba za ki shiga ta nan ba. Bi sawun masu ɗaukar madara."

Suka dare, ta wuce.

Bayan kwarin ta ratsa ƙauyukan makiyaya. Shanu da awaki ga su nan cike da garke, amma yaran kamar tsinken tsintsiya. Wata mata ta gaya mata cewa kullum masu fararen kaya na zuwa su tatse komai a salkuna su hau da shi, ko ɗigo ba a bar wa ɗan maraƙi, balle ɗan mutum. Nuwaira ta bi ɗigon madarar da ya daskare a kan duwatsu. Hanyar ba ta fi faɗin tafin hannu biyu ba, dama bango, hagu rami marar ƙasa. Takalmanta suka tsinke ta jefar. Ƙafafunta suka tsage, suka daina jin zafi, ta ci gaba da rarrafe da gwiwa da farce.

Can dab da ƙololuwa ta ji ɗumi ya bugi fuskarta. Ta zagayo wani lungu, sai ga aljani a zaune, kansa ya kai tsayin rimi, an ɗaure wuyansa da sarƙar baƙin ƙarfe. Bakinsa na saitin wata kafa a jikin bango, yana hura numfashi mai zafi a ciki. Da numfashin nan lambun ke rayuwa cikin ƙanƙara. Ya juyo da ido ɗaya, ja kamar garwashi.

"Ya ke 'yar Adam, wane ajali ne ya koro ki daga ɗakin uwarki?"

"Ya kai babba cikin aljanu, ba ajali ya koro ni ba. Ƙanena na zo ɗauka."

Ya yi dariya har duwatsu suka gangara. "Ni ne Ƙarzumu, wanda ya gina wannan lambu cikin yini guda. Ki saurari wautata, ko ta amfane ki. Tsohon nan ya nemi in gina masa lambu, in riƙe shi, har ranar da ɗaya daga cikin baƙinsa zai ce da bakinsa, wannan ba Aljanna ba ce. Na yi rantsuwa ina murna, don na san 'yan Adam da ƙorafi, na ce ba za a kwana biyu ba. Ashe mutum in ƙarya ta yi masa daɗi, ko ya ga ɗinkinta sai ya kau da kai. Gemun tsohon baƙi ne ranar da na rantse."

"Ni zan gaya wa ƙanena."

"Ba za ki iya ba. Duk wadda ta shiga ta wannan ƙofa, rantsuwata ta tilasta mini in ɗaure harshenta. A bayan bango za ki yi magana, a cikin lambu kuwa bebiya ce ke. In kika ɗaga lulluɓi, ko kika yi rubutu, ko kika yi masa ishara, da hannuna zan jefa ki ramin nan, ko da ina kuka. In kuma bai faɗi kalmar ba har aka fitar da shi, ya tafi ga wuƙa, ke kuma kin zama baiwar dutse har mutuwa. Kin yarda?"

"Ya Ƙarzumu, da gwiwa na hau dutsen nan. Ba don in koma da labari na hau ba. Ɗaure."

Ya taɓa leɓenta da farcen ƙaramin yatsansa, ta ji kamar an ɗiga mata darma. Bango ya tsage, ta shiga.

Abin da ta fara gani a bayan Aljannar Shehu shi ne toka, da hayaƙi, da mata a durƙushe suna gurzar dutse. Aljani ya iya ƙera bishiyar zinariya da tsuntsun azurfa mai waƙa, amma abin da ke fita daga jikin mai rai bai iya yin sa ba. Don haka ƙoramar madarar da ke ratsa lambun, madarar makiyaya ce. Da almuru ake juye salkuna a wani babban tafkin dutse, ta kwana a ciki, da safe a zare toshiya ta kwarara. In tafkin ya ƙare, matan su shiga da soso da toka da ruwan zafi.

Shugabarsu wata tsohuwa ce mai lanƙwasasshen baya, ana ce mata Iya Sauda. An sato ta tana budurwa, ta yi shekaru tana yawo cikin alharini a matsayin matar Aljanna, ranar da aka ga furfura ɗaya a kanta aka turo ta bayan bango. Ta ƙare wa Nuwaira kallo.

"Wannan kuma daga ina, da ƙafa kamar an ja ta a ƙaya?"

"'Yar Alƙali Sabitu ce ni, daga Marzana."

"Iye! Mata, ku tashi tsaye, shari'a ta iso." Matan suka yi dariya ba tare da sun ɗaga kai ba. Iya Sauda ta cilla mata soso. "To, 'yar alƙali, ga ƙarar farko. Yanke wa dutsen nan hukunci."

Nuwaira ta kama aiki. Toka ta cinye mata fatar hannu, ruwan zafi ya shiga tsagar ƙafafunta. Ba ta yi kuka ba, ba don ba ya zuwa ba, sai don ta rantse dogaran Shehu ba za su ga hawayenta ba. Dogaran nan kullum kafin a zuba sabuwar madara sai sun jera matan sun bincike su: tafin hannu, ƙarƙashin farce, bakin zane, har baki sai an buɗe an kurkure.

"Iya, me suke nema haka?"

"Madarar jiya. Ke ba ki taɓa riƙe ƙwarya ba? Ɗan tsamin jiya in ya shiga ta yau, ga ɗumin aljani a ƙarƙashi, ai kafin safiya ta tsinke. Aljanna da kindirmo? Sai dai a aiko da fura." Ta rage murya. "Wata ta taɓa barin ɗan saura a tsagar dutse, da mantuwa. Kafin baƙo ya farka aka gano, aka jefa ta rami. Har yau ban ji ƙarar isarta ƙasa ba."

Nuwaira ta tsaya da soso a hannu. Ta tuna zauren ubansu, ita da Mundiru a kan buzu ɗaya, ana karantar da su siffar gidan ni'ima, cewa madararsa ɗanɗanonta ba ya sauyawa har abada. Sau uku ya kasa kawo wurin a hadda, sau uku ta ɗora shi.

Sai ta lura da wani abu. Dogaran da ke leƙa bakin mace, ba su taɓa cewa a cire ɗankwali ba. Ta tambayi dalili, Iya Sauda ta ce ai a wajensu ganin gashin mace haramun ne babba, wanda ya gani sai ya yi azumin kaffara. Nuwaira ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Mutanen da ke aika 'ya'yan mutane su yanka liman a kan mumbari, su ne ke tsoron zunubin kallon kitso!

Ranar, da ta shiga tafki wanki, ta tsoma kanta a sauran madarar da ta kwanta a lungu har kitsonta ya sha, ta ɗaure ɗankwali tamau. Kashegari ta ƙara, jibi ta ƙara. Madarar ta yi tsami a kanta, ta wuce tsami. Fatar kan ta kumbura, ƙaiƙayi kamar an zuba mata tururuwa, ba damar sosawa a gaban dogari. Ruwan ɗoyi na gangaro mata ta bayan kunne tana sharewa da kafaɗa. Matan suka fara matsawa daga kusa da ita.

Iya Sauda ta ja ta bayan murhu. "Ke, ni za ki yi wa wayo? Hancina ya girmi ubanki. Cire ki wanke, kafin ki sa a zubar da mu duka kamar shara."

"Ba zan wanke ba, Iya."

"Don ƙanenki ɗaya za ki kashe mata talatin?"

"Don ƙanena na zo, ban ɓoye ba. Amma ke, Iya, tun yaushe kike wanke wa ƙarya tukunya? Samari nawa suka sha daga tafkin da kika gurza, suka tafi suka mutu? Na gan su a kwari. Har yanzu ƙofa suke nema."

Tsohuwar ta ɗaga hannu kamar za ta mare ta, sai hannun ya tsaya.  Daga nan ta ɗebo tafarnuwa ta daka, ta shafe wa Nuwaira wuya da kafaɗu don ta danne warin, ta ce da ƙarfi don dogarai su ji, "'Yar alƙali ta kwaso ƙazuwa! Kowa ya yi nesa da ita." 

Ana nan sai labari ya zo bayan bango cewa gobe akwai baƙo, ɗan Marzana. Da almuru aka bincike matan, aka juye salkuna har tafki ya cika, dogarai suka juya baya suka tafi salla. Nuwaira ta kwance ɗankwali, ta sunkuya ta matse kitsonta a cikin madarar. Abin da ya fito bai cika tafin hannu ba. Ta dubi faɗin tafkin, ta dubi ɗan abin da ta sha wuya a kansa, ta ga ba zai isa ba.

"Matsa can," in ji wata murya a bayanta. Iya Sauda ce. Ta kwance nata ɗankwalin, warin ya bugi hanci, ta matse furfurarta. "Kan mutum ɗaya ya tsinka wannan? An yi karatu, ba a san aikin ƙwarya ba."

Sai ga wata ta matso tana kwance nata, sai wata, sai wata.  Suka matse, suka ɗaure, kowace ta koma wurinta. Ta cikin bango suka ji Ƙarzumu na cewa, kamar da kansa yake, "An hana ni taimako, amma ba a ƙayyade mini numfashi ba." Dutsen da ke ƙarƙashin tafkin ya ƙara ɗumi.

Da safe Iya Sauda, wadda ita ke zaɓen mai riƙe ƙoƙon baƙo, ta sa wa Nuwaira alharini da lulluɓi har ƙasa, ta zazzage mata kwalbar turare, ta tura ta cikin lambu. Harshenta ya mutu nan take.

Ga bishiyoyin zinariya, ga inabi na reto, ga tsuntsayen azurfa na waƙa. A kan shimfiɗar alharini Mundiru na kwance, ya rame, an aske masa kai. Ya buɗe ido ya tashi zaune yana waige-waige, hawaye na zubo masa. Daga cikin wata babbar bishiya murya mai zurfi ta fito.

"Barka da isowa gidanka, ya kai bawa na gari. Ci, ka sha, babu tsoro a kanka yau."

Aka zare toshiya. Ƙoramar ta yi gurnani, ta yi shiru, sannan ta taho a hankali, guda-guda, ruwa-ruwa mai ɗorawa na bin gefe. Ba namijin da ke da izinin shiga lambu in baƙo na farke, don haka ba mai iya tsayar da ita. Nuwaira ta cika ƙoƙon zinariya ta durƙusa ta miƙa wa ƙanenta.

Ya kurɓa. Fuskarsa ta yamutse. Ya dubi ƙoƙon, ya dubi bishiyoyin, ya rufe ido ya haɗiye.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ban taɓa shan mai daɗinta ba."

Da ba a ɗaure harshenta ba, da ranar Mundiru ya ji abin da bai taɓa ji ba.  Ta ratsa matattu, ta bar fatar ƙafarta a kan dutse, mata talatin sun sa wuyansu a bakin rami, shi kuma ga shi yana yi wa ruɓaɓɓiyar madara godiya! Magana an hana ta, ishara an hana ta. Amma ba wanda ya hana baiwa yin aikinta. Ta sake cika ƙoƙon ta miƙa.

Ya sha. Ta sake cikawa.

"Ya kai bawa na gari," in ji muryar, da ɗan gaggawa, "bar madara haka. Ga zuma can, ga inabi."

Mundiru ya yunƙura zai tashi, Nuwaira ta durƙusa a gabansa da cikakken ƙoƙo, kai a sunkuye, cikin cikakken ladabi. Ya kauce dama, ta riga shi. Kunyar ƙin karɓar kyautar Aljanna ta kama shi, ya karɓa ya sha, gumi na keto masa. A ƙoƙo na gaba cikinsa ya juya. Ya dafa bishiyar zinariya ya yi ta kwara amai a kan shimfiɗar alharini.

Ya zauna yana haki, yana kallon abin da ya fito daga cikinsa.

"An karantar da ni," ya ce a hankali, "madarar can ba ta sauya ɗanɗano. Yayata ta sha ɗora ni a wurin. An ce kuma babu ciwo, babu amai."

"Jarrabawa ce, ya kai bawa na gari," muryar ta ce. "Ana gwada imaninka. Yi haƙuri ka cinye ta."

Mundiru ya gyaɗa kai, har ya miƙa hannu zai karɓi ƙoƙon. Sai hannun ya tsaya a iska.

"Jarrabawa?" Ya ɗaga kai ya dubi bishiyar. "Ai jarrabawa a duniya ake yin ta."

Tsuntsayen azurfa suka yi tsit. Ya dubi hannuwan da ke riƙe da ƙoƙon, tsagaggu, toka ta cinye farcensu. Kamar mai cire ƙaya daga naman jikinsa, ya ce, "Wannan ba Aljanna ba ce."

Ƙarar tsinkewar sarƙa ta girgiza dutsen. Ƙarzumu ya miƙe tsaye a bayan bango har ya tare rana.

"Ya ke 'yar Adam, na kwance harshenki kamar yadda kika kwance wuyana. In aljanu suka tambaye ni wa ya 'yanta ni, zan ce mata ne masu warin kai, kuma ba zan ji kunya ba!"

Ya buɗe fukafukai ya yi sama. Yana tafiya ɗumin ya bi shi. Ganyen zinariya suka zube suka zama ɓawon dutse, inabi ya zama tsakuwa, bangon da ya raba lambu da wurin wanki ya rushe, ƙanƙara ta fara sauka a kan komai. Babbar bishiyar ta tsage biyu, sai ga wani ɗan tsamurarren tsoho a tsugune a cikinta, da ƙahon bijimi a bakinsa, wanda yake magana ta cikinsa. Samarin da ke jiran wuƙa a cikin ganuwa suka fito da gudu, suka tsaya suna kallon tafki, da soso, da salkuna, da tsohon. Kafin wani ya farfaɗo daga mamaki, Shehun Dutse ya faɗa wani rami a gindin bishiyar ya ja murfi. Ba a kama shi ba. Irinsu ba safai ake kama su ba, kuma duniya ba ta rasa wani dutsen da wasu samarin.

Nuwaira ta fizge lulluɓi ta jefar. Mundiru ya dube ta, ya dubi kumburarren kanta, ya rufe fuska da hannu biyu.

"Yaya," ya ce cikin kuka, "da kin bar ni. Ko ƙarya ce, wallahi ban taɓa jin daɗi irin na safiyar nan ba."

Maganganun da ta tara tun daga Marzana suka taso mata gaba ɗaya, har ta rasa wadda za ta fara. Ta haɗiye su duka. Ta kama kunnensa kamar yana ɗan shekara bakwai, ta juya kansa wajen matan da ke fitowa daga cikin toka suna rawar sanyi.

"Daɗin nan da ka ji, ga waɗanda suka dafa maka shi. Ka ga waccan tsohuwar? Tun ba a haife ka ba take gurza maka Aljanna da hannunta. Hanyar gangara siririya ce, ƙafafunta ba za su kai ta ƙasa ba. Durƙusa."

Ya je ya durƙusa a gaban Iya Sauda. Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa, ta tsuke baki, sannan ta hau bayansa ta riƙe wuyansa da kyau. Nuwaira ta shiga gaba da tsagaggun ƙafafunta, matan suka jeru a baya, samarin suka biyo su ɗaya bayan ɗaya, hannu ba wuƙa. Mundiru ya sa ƙafa a bakin hanya, ya leƙa ramin, ya yi tangaɗi.

Iya Sauda ta ƙwanƙwashi askakken kansa. "A hankali, ɗan Aljanna. Nan duniya ce, akwai santsi."